Dodannin Shafi na Tara

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ba, cikin zangon karatu na uku, ranar da na raba wa 'yan aji huɗu littafin da ni kaina ban taɓa buɗe shi ba. Ku da kuka shigo koyarwa kwanan nan kuna cewa na cika matsa muku a kan kayan darasi. To, yau ku ji inda abin ya samo asali.

A lokacin ban cika shekara da dawowa Jalingo ba. Na yi shekara shida ina koyarwa a Mutum Biyu, sannan aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata firamare a unguwar Nukkai, ina zuwa kullum daga gidanmu a unguwar Turaki. Ina mataki na bakwai, ina jiran ƙarin girma zuwa na takwas. Ga wanda bai san aikinmu ba, ƙarin girma ba ya zuwa haka kawai. Akwai fom ɗin da hedimasta yake cikewa a kan halin malami da aikinsa, akwai kuma rahoton mai duba makarantu, wanda zai zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda ake koyarwa. Idan ɗaya daga cikin biyun ya yi rauni, sai a jira wata shekara.

A farkon zangon wata ƙungiya mai tallafa wa karatun yara ta kawo mana kwali biyu na littattafai. Tatsuniyoyin jarumai ne, masu hotuna kala-kala, irin waɗanda yaranmu ba su saba riƙewa ba. Hedimastanmu, Malam Hamman, dattijo ne mai gaskiya, amma yana da tsoron a ce kaya sun lalace a hannunsa. Ya kulle su a sito, ya sa makullin a aljihu. Mu malamai aka ba mu jagorar malami kawai, wani siririn littafi mai rubutu zalla, da labarin da tambayoyi, babu hoto ko ɗaya.

Da aka sanar da mu cewa Madam Saratu, mai duba makarantun yankinmu, za ta shiga ajina ranar Laraba, sai na ga ai dama ce ta samu. Na zaɓi labarin wani jarumi, Dogo Mai Mashi. Ruwan garinsu ya ƙafe saboda wasu dodanni sun toshe idon ruwa a kan dutse, shi kuma ya hau ya yi musu dabara ya kore su, ruwa ya sauko. Labari ne mai sauƙi, na karanta shi a jagora har na kusa haddace shi. Na rubuta shirin darasi, na kai wa hedimasta ya sa hannu ranar Litinin kamar yadda doka ta ce. A nan na roƙe shi ya ba ni littafin yara guda ɗaya in tafi da shi gida.

Ya ce, "Malama Hadiza, a bar su sai ranar. In suka fara yawo, kafin Madam ta zo sun yi datti."

Ban matsa ba. In faɗi gaskiya, ban ma ga dalilin matsawa ba. Labarin ai na san shi.

Ranar Laraba da safe aka fito da littattafan, suna ƙamshin sabuwar takarda. Yaran ajina sun haura hamsin, don haka littafi ɗaya yara uku. Ajin kamar garin yake, wasu da Fulatanci suka tashi a gida, wasu da Mumuye, wasu da Jukun, Hausa ce ke haɗa su. Madam Saratu ta shigo ta zauna a bencin ƙarshe da jan biro a hannu. Mace ce da ba ta murmushi a wurin aiki, kuma an ce ba ta taɓa canza abin da ta rubuta ba.

Darasi ya fara da kyau fiye da yadda na yi tsammani. Yaran da ba sa ɗaga hannu sun ɗaga, kowa yana so ya faɗi abin da ya gani a hoto. Ni kuwa jagorata na riƙe, ina bin rubutu. Da muka zo inda jarumin ya hau dutse, sai na kira Rahila. Ita ce ta fi kowa iya karatu a ajin, kuma da gangan na ajiye mata wannan wuri don Madam ta ji. Ta miƙe, ta juya zuwa shafi na tara, ta buɗe baki, sai ta tsaya.

Daga tsakiyar aji dariya ta fara, ƙasa-ƙasa, sannan ta bazu. Wani yaro ya ce, "Malama, wannan kakar Rahila ce."

Na karɓi littafi daga bencin gaba na duba. A rubutu an ce dodanni. Amma mai zanen mutane ya zana. Ga kunyoyin doya a gindin dutse, ga wata tsohuwa ta ɗora tulu a kafaɗa, daidai yadda matan Mumuye suke ɗaukar kaya. Sai ya ƙara musu dogayen haƙora da jajayen idanu da farce kamar na dabba. Kakar Rahila kuwa kullum da safe tana wucewa ta ƙofar makarantarmu da doya a kafaɗa za ta kasuwa, babu yaron da bai san ta ba.

Na ɗaga kai na ga Madam Saratu ta ajiye biro tana kallona. Abin da ya zo mini a rai shi ne lokaci, saura minti goma sha biyar ban kai ga tambayoyi ba. Na buga tebur na ce a yi shiru, sannan na ce, "Kowa ya juya shafi na goma."

Rahila tana tsaye. Ban ce mata komai ba. Da kanta ta zauna ta kifa kai a benci. Wasu yara shida ko bakwai ba su juya shafin ba, ba su kuma sake magana ba. Yadda na ƙarasa darasin ban sani ba.

A ofis, Madam Saratu ta tambaye ni a gaban hedimasta, "Kin duba littafin yaran kafin yau?"

Na ce a'a.

"Me ya hana ki?"

Malam Hamman yana zaune yana kallon tebur. Shi ne zai cike fom ɗina. Kuma ko ba don haka ba, na san da na koma na sake tambaya da ya ba ni. Na ce, "Ban matsa na karɓa ba, Madam."

Ta yi rubutu mai tsawo. Da ta gama ta ce, "Hoton ba ke kika zana ba, ba zan ɗora miki shi ba. Amma yarinya tana tsaye a gabanki ana yi mata dariya, kika wuce ta. Wannan naki ne."

Kafin ta bar makarantar an tashi tara, kuma a filin wasa yara sun riga sun ƙirƙiro waƙa, suna bin Rahila da 'yan uwanta suna cewa dodon dutse. Aka yi dambe, har aka fasa wa wani baki.

Washegari Alhamis benci uku babu kowa. Rahila ba ta zo ba, da sauran waɗanda suka yi shiru jiya. Wajen ƙarfe goma mahaifinta ya zo, Mista Bitrus, ma'aikacin lafiya ne kuma yana cikin kwamitin iyaye da malamai. Da ya zo da faɗa da na fi samun sauƙi. Amma a natse ya gaishe mu, ya zauna, ya ce a ba shi littafin. Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya fito da waya ya ɗauki hotonsa.

Ya ce da irin Hausarsu, "Yarinya na ya dawo gida ba ya cin abinci. Ya ce a makaranta an koya musu kakan shi dodo ne. Ranar Lahadi bayan coci muna da mitin na mutanenmu. Zan nuna musu."

Malam Hamman ya shiga ba shi haƙuri, yana cewa kuskure ne daga masu littafi, za a yage shafin a duka. Mista Bitrus ya ce yagewa ba za ta cire shi daga kan yara ba, ya yi sallama ya fita.

Duk wanda ya zauna a Jalingo ya san abin da na ji tsoro. Hoto ɗaya in ya shiga waya ba ya tafiya shi kaɗai, ana ɗora masa magana. Ba za a ce mai zane a wani gari ya yi ba. Za a ce wata malama Bafulatana daga Turaki ta tsayar da 'yar Mumuye a gaban aji ta sa ta karanta cewa su dodanni ne. Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali, kusan kowace kalma a ciki gaskiya ce: ni na tsayar da ita, ni na zaɓi shafin. Wa zai yarda ban gan shi ba? Irin wannan magana ba a makaranta take tsayawa ba, tana iya kaiwa inda ba mu da ikon dawo da ita.

Kafin a tashi hedimasta ya miƙo mini kwiri, wato takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci ya amsa a rubuce cikin kwana ɗaya, kuma tana shiga fayil ɗinsa. Ya ce dole ne ya rubuta, don in an tambaye shi ya nuna ya ɗauki mataki. Ya kuma ce kada in kuskura in je gidansu Rahila, in bar manya su yi magana.

Ranar Juma'a na mayar da amsa. Na rubuta abin da ya faru a jere, na ɗauki laifin rashin duba littafi da na rashin tsayar da darasi, ban ambaci sito ba. Duk yinin ranar, da wayata ta yi ƙara sai in ɗauko ta da sauri. Ina buɗe zauren hirar malamai da na unguwa a wayar ina duba ko hoton ya fito. A cikin keke na dawowa gida wasu mata biyu suna hira ƙasa-ƙasa, na tabbata ni suke nufi, ashe zancen biki suke yi.

Mahaifiyata, da muke kira Dada, ita ta lura ban taɓa abincin rana ba. Na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ku duk kuna ta maganar uban. Ai ba shi aka zana ba. Tsohuwar nan wa ya je wurinta?"

Na ce hedimasta ya hana.

Ta ce, "A makaranta shi ne babba. Ranar Asabar kuwa ba makaranta. Ki je da safe, kuma kada ki riƙe komai a hannu sai littafin, kada su ce kin zo sayen bakinsu."

Na je. Gidan yana can ƙasan Nukkai, sai da na yi tambaya sau biyu. Na tarar da Mista Bitrus a ƙofar gida yana wanke babur. Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Na ce wurin Mama na zo. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya shige gaba na bi shi.

Tsohuwar tana zaune a tsakar gida tana feren doya. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata ko ni wace ce. Na buɗe shafin na miƙa mata. Ta goge hannu a zane, ta riƙe littafin nesa da fuska.

Ta ce, "Wannan ni ne?"

Na ce, "Haka yara suka ce, Mama."

Ta sa yatsa a kan tulun. "Mai zane ya san mu. Dubi yadda tulu ya zauna. Wanda bai san mu ba, a kai zai ɗora. Ya san mu sosai, sai ya sa mana haƙori." Ta rufe littafin. "Ke kuma me kin ce ma yara?"

Na ce, "Na ce su juya shafi."

"To, shi ne ya yi ma Rahila ciwo. Dariyan yara kullum suna yi. Ya ce malama na yana wurin, bai ce komai ba."

Na ce na yi kuskure, tsoron mai duba aiki ya rufe mini ido, kuma na zo ne in faɗa da bakina. Na hangi gefen zanen Rahila a bayan labulen ɗaki, amma ba ta fito ba, ni ma ban kira ta ba.

Mista Bitrus ya ce shi ba haƙurin tsakar gida yake nema ba. A gaban aji aka yi, a gaban aji za a gyara. Kada a yage shafin, kada a ɓoye. In buɗe shi a gaban yaran nan duka, in faɗi abin da ban faɗa ba ranar Laraba. Shi zai zo ya tsaya ya ji. Hoton kuma zai riƙe shi har Litinin, ba zai kai mitin ba. Abin da zai yi da shi bayan nan sai ya ga yadda ta kasance.

Na amsa, alhali ba ni da ikon amsawa, don littattafan sun koma sito.

Ranar Litinin tun kafin a kaɗa ƙararrawa na shiga ofis na faɗa wa Malam Hamman na je gidan, da abin da na yi alkawari. Na shirya wa kwiri na biyu. Sai ya jawo fayil ɗina ya buɗe mini amsar da na rubuta ranar Juma'a. A ƙasanta ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, ya sa hannu: malamar ta nemi littafin ranar Litinin kafin zuwan Madam, ni na hana. Ya ce, "Kada ki gode mini, tun a gaban Madam ya kamata in faɗa." Ya miƙe ya buɗe sito da kansa.

Rahila ta zo tare da mahaifinta. Daga cikin sauran, huɗu sun dawo. Mista Bitrus ya ƙi kujera, ya tsaya ta waje a bakin taga, hedimasta a gefensa. Na raba littattafan na ce a buɗe shafi na tara. Aka fara 'yar dariya, na jira har ta mutu da kanta.

Na raba allo gida biyu. Na ce su faɗa mini abin da ke cikin hoton wanda na dodo ne. Suka ce haƙora, idanu, farce. Na rubuta a gefe ɗaya. Na ce to, su faɗi wanda na mutane ne. Aka ɗan jima kafin wata ta ce tulu. Wani ya ce doya. Wani ya ce zane. Na tambaye su wa ke noma doyar da suke ci. Na tambaye su wa yake da kaka mai ɗaukar ƙwaryar nono a kai, hannaye da yawa suka tashi, har da nawa. Na ce, "Da a ce mai zanen nan ita ya zana da ƙwaryarta, ya sa mata waɗannan haƙora, kuka buɗe a aji aka yi dariya, yaya za ku ji?"

Yaron da ya fara maganar ranar Laraba ya sunkuyar da kai.

Na ce musu labarin bai ce mutane ba, dodanni ya ce. Mai zane ne ya yi kuskure, kuma littafi ma yana kuskure ko da sabo ne mai kyau. Sannan na juya wurin Rahila. Na ce, "Ranar Laraba kina tsaye aka yi miki dariya, ni kuma na yi shiru. Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri." A shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ba ɗalibi haƙuri a gaban aji ba, ban kuma taɓa ganin an yi ba. Ba ta ɗago ba, ta dai gyaɗa kai kaɗan.

Sauran lokacin na ce kowa ya zana nasa dodon yadda yake ganinsa a ransa. Wani ya yi mai kai uku, wata ta yi mai jelar kada. Da na waiwaya taga, Mista Bitrus ya tafi. Bai ce mini komai ba ranar, ko bayanta, amma hoton bai taɓa fitowa ba.

Kada ku ɗauka komai ya koma daidai. Yara biyu iyayensu sun cire su, ba su dawo ba. Rahila ba ta sake ɗaga hannu ta yi mini karatu ba har zangon ya ƙare, ni kuma ban tilasta mata ba. Rahoton Madam Saratu ya fito yadda ta faɗa, ƙarin girmana ya jira shekara guda. Makaranta da kwamitin iyaye suka rubuta wa ƙungiyar wasiƙa tare, aka zo aka kwashe wannan littafin. Sauran kuwa mun ci gaba da amfani da su, don suna da kyau, kuma da su na ga yaran da suka ƙi karatu sun fara sonsa. Sai dai tun daga nan kowane ɗaya mukan zauna mu malamai, masu yare daban-daban, mu bi shi shafi-shafi kafin ya shiga aji, domin abin da idona zai wuce idon wata zai tsaya a kai.

Abin da na koya shi ne yaro hoto yake fara karantawa kafin rubutu, kuma a cikin hoton mutanen gidansu yake nema. Labarin jarumi kullum yana da wanda aka ci da yaƙi, a aji irin namu kuwa dole ku tambayi kanku da wa aka kamanta shi. Na kuma gane mutanen wannan aiki ba kullum suke yadda ake faɗarsu ba: wadda ta fi kowa tsanani ita ta faɗa mini gaskiyar da ta amfane ni, iyayen da nake tsoro kuma gyara suka zo nema.

Za ku yi kuskure a aji, babu wanda ba ya yi. Idan ya faru, ku ajiye shirin darasin, ko wa ke zaune a bayan aji. Darasin da bai ƙare ba ana iya ƙarasa shi gobe. Yaron da aka kunyata a gabanku kuwa, a wannan mintin yake jiran ya ji abin da za ku ce.